Ɗan Hakin Da Ka Raina: Mahaɗai A Nahawun Turanci

Duk wanda ya taɓa ganin ana ɗaura jinka ya san ba ciyawa da itace kaɗai ke yin rufi ba, sai da igiya. In igiyar ta yi sako-sako, iskar farkon damina ce za ta yaye rufin. To, haka magana take. Sunaye da aikatau su ne ciyawa da itace. Igiyar kuwa ita ce ƙananan kalmomin nan da muke kira mahaɗai, Turawa kuma suke ce musu "conjunctions", kalmar da ta samo asali daga Latin, ma'anarta haɗa abubuwa wuri ɗaya.

Dalilin da ya sa na zaɓi in yi magana a kansu shi ne, mu 'yan aji biyar baɗi za mu zauna jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ga shi kuwa ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit a Turanci. A takardar insha'i ana rage maki saboda kuskuren nahawu da na alamomin rubutu. A ganina, yawancin tuntuɓen da muke yi da mahaɗai ba daga rashin sanin ma'anarsu yake zuwa ba. Muna yin tunani ne da Hausa, sa'an nan mu sa wa tunanin rigar Turanci.

Mahaɗan Turanci kashi uku ne. Kashi na farko su ne masu haɗa tsara da tsara, watau suna da suna, sifa da sifa, ko jimla da jimla. Su bakwai ne: for, and, nor, but, or, yet, so. Malamai sukan tara haruffansu na farko su ce FANBOYS don sauƙin haddacewa. Misali, "It rained, so we stayed indoors," watau an yi ruwa, saboda haka muka zauna a ɗaki. In cikakkun jimloli biyu aka haɗa, akan sa waƙafi kafin mahaɗin.

A nan tarko na farko yake. Mun saba fassara "and" da kalmarmu "da", alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Tamu sunaye take haɗawa, kamar gero da dawa. In aiki biyu muka yi, jera su kawai muke yi, mu ce na je kasuwa na sayi gero. Turanci bai yarda da wannan jeri ba. Wanda ya rubuta "I went to the market, I bought millet" ya bar jinka ba igiya. Daidai shi ne "I went to the market and bought millet."

Kashi na biyu su ne masu jingina wani ɓangare na magana ga wani. Daga cikinsu akwai because, although, if, unless, when, while, until, since, before, after. Duk ɓangaren da ɗayansu ya shige wa gaba ya zama ganga dogarau, watau ba ya tsayawa da ƙafarsa, kamar jariri ne da sai an goya shi. Saboda haka "Because it rained" ba jimla ba ce, sai an ƙara mata abin da ya faru. In gangar nan ta zo a farko, a sa waƙafi bayanta. In ta zo a ƙarshe, galibi ba a bukata.

Ga tarko na biyu. Da Hausa daidai ne mutum ya ce, ko da yake ba shi da lafiya, amma ya zo. Da Turanci kuwa "although" da "but" kishiyoyi ne, ba su kwana ɗaki ɗaya. Ko dai a ce "Although he was ill, he came," ko kuwa a ce "He was ill, but he came." Haka kuma ba a haɗa "because" da "so" su yi aiki ɗaya.

Iyayenmu masu ciniki, ga wata da ta shafe ku. A ce an aiko muku takarda an rubuta "The goods will be accepted unless they are wet." Ma'ana, za a karɓi kaya, sai fa in sun jiƙe. In mai karanta muku ya ɗauki "unless" a matsayin "if", sai ya ce muku sai kayan sun jiƙe za a karɓa. Kalma guda ta juya yarjejeniya, asara kuwa a kan mai kaya za ta faɗa. Amma ba kullum Hausa ke kai mu rami ba. "Since" tana nuna lokaci, tana kuma nuna dalili, daidai da tamu: tun da ya tafi bai dawo ba, ko kuwa tun da ka zo sai mu ci abinci.

Kashi na uku su ne tagwaye, masu tafiya biyu-biyu: both da and, either da or, neither da nor, sai not only da but also. Waɗannan ba baƙi ba ne gare mu, don mu ma mukan ce da Audu da Bala, ko yau ko gobe. Ba a yi musu musayar abokin tafiya, "neither" ba ta bin "or". Kuma a jimlar "either" ko "neither", aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi. Shi ya sa ake cewa "Neither the prefects nor the cook was there," amma in aka juya sai a ce "Neither the cook nor the prefects were there."

Akwai kuma waɗansu da ke shiga rigar mahaɗai alhali bayanau ne, kamar however da therefore. Waƙafi kaɗai ba ya isa a gabansu in suna tsakanin jimloli biyu, sai aya ko waƙafi mai ruwa.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kafin ka ɗauki mahaɗi, tambayi kanka me ke tsakanin maganganun nan biyu. Ƙari ne, ko saɓani, ko zaɓi, ko dalili, ko sharaɗi, ko lokaci? In ka amsa wannan, kalmar da ta dace za ta zo da kanta. Sa'an nan lokacin karatun dare, ɗauki sakin layi guda daga littafin Turanci, ka ja layi ƙarƙashin kowane mahaɗi, ka gwada faɗin jimlar da Hausa, ka ga inda harsunan biyu suka haɗu da inda suka rabu. Kalmomin ƙanana ne, amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.