Free Fire a fada: nishaɗi ko jaraba?

A fadoji da dama na Damagaram da Maraɗi, shayi na bisa wuta amma idanun matasa na kan salula. Free Fire, wasan yaƙin da kamfanin Garena ya fitar a 2017, ya samu karɓuwa saboda ko ƙaramar waya na ɗaukar shi: mutum 50 ke dira tsibiri, wanda ya rage shi ne gwani.

Masu buga shi na cewa yana sada su da abokan da suka tafi ci-rani. Iyaye kuwa na kukan kuɗin intanet da karatun da ake watsarwa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasannin bidiyo a matsayin cuta, idan wasan ya fi ƙarfin mutum har ya tauye masa karatu ko aiki.