Tsuga Kuɗi Ba Wayo Ba Ne: Jan Hankali ga Masu Gwanjo a Waya

Daga Rijiyar Zaki zuwa Bachirawa, har Fanisau da cikin garin Ungogo, da wuya yanzu ka shiga gidan da babu mai sayar da wani abu ta waya. Uwargida na rabuwa da kwanukan da suka yi mata yawa, saurayi na neman mai sayen tsohuwar wayarsa, mai kiwo ya ɗauki hoton ragonsa ya ɗora a WhatsApp. Madalla da wannan. Abin da ya ishe ni shi ne huɗubar da ake yi wa sababbin shiga: wai ka ninka kuɗin kaya, in ya so mai saye ya rage, ai ba a fara ciniki daga ƙasa. Wasu har da ƙarin cewa kada ma ka rubuta farashi, ka ce a yi maka magana ta gefe. Wannan huɗuba ta jawo wa mutane asara mai yawa, kuma har gobe ana yaɗa ta.

Gwanjo dai kowa ya san shi: a fito da kaya, a yi ta tayi, wanda ya fi kowa ya ɗauka. Shafin eBay da Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995 shi ya yi fice wajen mayar da shi intanet. A nan gida hukumar kwastan ta buɗe nata a 2017 zamanin Hameed Ali, ta sake sabunta shi a Janairun 2024. Amma mutanenmu sun fi mu'amala da Jiji da Facebook da zaurukan WhatsApp, inda wani lokaci a sa ranar rufe tayi, wani lokaci kuma a yanke farashi kawai.

To me ya sa tsuga kuɗi yake aiki a Kantin Kwari ko Ƙofar Wambai? Saboda mai saye ya riga ya biya kuɗin adaidaita, ya ratso cunkoso, ga shi tsaye a gabanka. Kun gaisa, ya taɓa kaya, ya taya, ka ce albarka. Ya juya zai tafi, ka kira shi ya dawo. Akwai kunya, akwai gajiya, akwai nisa tsakaninka da shago na gaba. Waɗannan duka su ne suke riƙe maka shi har ku daidaita. A waya fa? Babu ko ɗaya. Mutum na kishingiɗe a kan tabarmarsa, ya ga ka sa naira 180,000 a wayar da mutum tara suka sa 110,000, sai ya ture hoton da yatsa ya wuce. Ba ka ma san ya zo ba, balle ka kira shi ya dawo. A Jiji mai saye na iya ƙayyade iyakar kuɗin da yake son gani, wato kayanka ba za su ma bayyana a idonsa ba.

Wa ya rage maka ke nan? 'Yan tayin wulaƙanci, masu raba kuɗin uku su taya kashi ɗaya don su ga gudun ruwanka. Ma'aikacin da albashinsa ya shigo jiya, wanda da gaske yake, ba shi da lokacin wannan ja-in-ja. Sai kaya su yi kwantai. Mako biyu, uku, hoto ɗaya na ta yawo, jama'a su fara cewa lallai akwai aibi. Ka rage dubu ashirin, su ce a jira, zai ƙara ragewa. Ƙarshenta ka sallama ƙasa da abin da za ka samu tun ranar farko da ka faɗi gaskiya. In waya ce ko kwamfuta ma abin ya fi muni, don darajarsu kullum zubewa take yi.

A gwanjo na ainihi kuwa, mai ranar rufewa, lissafin ma juyawa yake yi. A 2006 wasu masana uku, Ku da Galinsky da Murnighan, sun wallafa bincike a kan cinikin eBay, inda suka ga kayan da aka buɗe da ƙaramin farashi sukan ƙare da kuɗi mai tsoka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Araha tana tara jama'a, wanda ya taya sau biyu ba ya son a ƙwace masa, na waje kuma in ya ga cincirindo sai ya ce lallai abin na da kyau. Sai dai a yi hattara, wannan sai inda masu tayi suke da yawa. Zauren unguwa mai mutum arba'in, rabinsu 'yan kallo, in ka buɗe keken ɗinki a naira 5,000 kana iya wayar gari an ɗauke shi a 12,000. A irin wannan wuri ka faɗi tun farko cewa ƙasa da kaza ba ka sallamawa, kowa ya ji.

Nan ne wasu suke shigo da mugun abu. Mutum ya ga tayi ya tsaya, sai ya sa ƙaninsa ko abokinsa ya ƙara, ko ya yi da layinsa na biyu, alhali ba saye za a yi ba. Wannan shi ne najashi, kuma hani a kansa ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abdullahi ɗan Umar. Gwanjo halal ne a wurin jumhurun malamai, tayin ƙarya kuwa cin dukiyar ɗan'uwa ne da yaudara. Abin takaici, za ka ga mai yin haka ya rubuta bismilla a saman tallarsa. Haba jama'a! Ko ta fuskar kasuwa ma wauta ce, don Ungogo ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan. Ranar da aka gane lambar ƙaninka ce, ka gama sayar da kaya a zauren nan.

Yadda za a yanke farashi ba wani sirri ba ne, aiki ne kawai mutane ke gudu. Fara da neman nawa ake sallamawa, don abin da ake rubutawa a talla buri ne kawai. In waya ce, ka tambayi mutum biyu a kasuwar waya ta Farm Centre nawa za su saya a hannunka, nawa kuma suke sayarwa, farashinka yana tsakanin nan. In hatsi ne ko riɗi, kasuwar Dawanau na nan kusa da mu, kira ɗaya ya isa. Sannan ka haɗa duk abin da zai fita daga aljihunka: data, kwali da leda, kuɗin kai kaya tasha, ladan direba, cajin mai POS, la'adar dillali in akwai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai na iya cinye ribar ƙaramin kaya, don haka ka rubuta ɓaro-ɓaro wa zai biya shi, kai ko mai saye. Mai sari ya sayar kuma kada ya tsaya kan nawa ya saro wata uku da suka wuce. Ya tambayi nawa zai saro gobe, in ba haka ba yana murnar riba uwar kuɗi na narkewa.

A bar ɗan wurin ragi, domin Bahaushe ba ya jin daɗin cinikin da ba a yi masa alfarma ba. Amma kashi ɗaya cikin goma ya wadatar. In 100,000 kake so, sa 110,000, kada ka sa 200,000. Rubuta farashin a jikin hoton, kuma ya zama ɗaya ga kowa, don mutane na tura wa juna saƙonninka, ranar da Hajiya ta ji ka ba maƙwabciyarta rangwamen dubu goma ba za ta sake dawowa ba. In akwai tsaga a gilashi ko batir ya yi sanyi, faɗa, ka rage kuɗinsa da kanka kafin a rage maka ninki biyu. Lokaci ma farashi ne. Ragon layya da aka riƙe har jajibere ana jiran ƙari yakan dawo gida, shi kuwa tayin da zai rufe bayan sallar isha'i a ƙarshen wata ya fi samun jama'a a kan wanda zai rufe da hantsi mutane na gona.

Tabbas hoto marar kyau da rashin amana su ma suna kashe ciniki. Haka masu saye su guji masu kiran kansu jami'an kwastan a Facebook suna tallar mota a rabin kuɗi. Kai kuma mai sayarwa, bayan an daidaita, kada kaya su bar hannunka don an turo maka hoton rasit. Buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna, sannan ka kira direba.