Kare mai jan igiya: yadda za a kai shi rigakafi ba tare da an shaƙe shi ba

A rugage da ƙauyukan Dogo, kamar sauran sassan Mirriya, kare na aikin gadin garke ne: ya kori dila, ya yi haushi idan baƙo ya doso awaki da dare. Yawancinsu ba su taɓa sanin igiya ba. Sai ranar da likitan dabbobi ya zo yin allurar haukan kare, a nan ake gane matsalar. A zarga masa igiya, ya turje, ya yi ta fizga har idanunsa su yi ja, yaron da ke riƙe da shi ya tsorata ya saki. Wannan karen ya tsere wa allura ke nan har wata shekara.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Shanu da jakuna da raƙuma ma suna kamuwa idan mahaukacin kare ya cije su. Da zarar alamu sun bayyana, babu magani. Amma idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, ciwon yakan daina yawo tsakaninsu. An gwada haka a Njamena a 2012 da 2013, kuma ciwon ya ragu ƙwarai. Don haka kare mai yarda a ja shi da igiya kariya ce ga garke da yara.

A Turai da Amurka ana sayar da abin wuya na horon kare: wani sarƙa ce mai tsukewa, wani mai ƙayoyin ƙarfe, wani ma mai jan lantarki. Jamus da Suwizalan sun hana amfani da mai lantarkin. Mu a nan namu shi ne zarge da waya, kuma illarsu ɗaya ce. Zarge na matse maƙogwaro, kare kuwa da haki yake fitar da zafin jikinsa. A ranar Afrilu ko Mayu, shaƙewa kaɗan na iya kayar da shi. Ga kuma abin da mutane ba su lura da shi ba: in ka ja kare baya, shi gaba yake ƙara dannawa. Ciwo ba ya koya masa tafiya, tsoro yake koya masa, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo.

Abin da ya dace shi ne abin wuya mai faɗi, kamar yatsu biyu, na fata mai laushi ko tsumma da aka tufka. Dukawan Damagaram ba za su rasa ɗinka shi ba. A ɗaure shi da ƙulli wanda ba ya zamewa, a bar wurin da yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da fata. In kwikwiyo ne, a riƙa dubawa kowane mako, domin yana girma, igiyar kuwa ba ta girma. Takan nutse cikin nama, ƙuda su yi ƙwai, tsutsa ta shiga. Waya kam a bar ta ga shinge. Kare mai ƙarfin ja, a zagaya igiyar ta ƙirjinsa da bayan ƙafafunsa na gaba, a ƙulla a gadon baya, nauyin ya bar wuya.

Horon kansa ba wuya, sai dai yana son haƙuri. Kwana biyu ko uku na farko a bar masa abin wuyan kawai, ba igiya. Daga nan a sa igiya, da sanyin safiya ko yamma, minti biyar zuwa goma. Ya ja, ka tsaya cik, kada ka fizga, kada ka yi tsawa. Ya sassauta ya waiwayo, ka ba shi loma ta tuwo ko guntun nama, ku ci gaba. Yana gane cewa igiya mai sako-sako ita ke kai shi gaba. Gara wanda ke ba shi abinci kullum ya yi horon, kuma in yaro ne, babba ya tsaya kusa. Ƙungiya na iya sanar da mambobinta makonni kafin zuwan ma'aikatan kiwo, kowa ya fara da nasa.

Karen da ya riga ya girma da faɗa, a zura igiyar ta cikin bututun roba mai tsawon gaba ɗaya, yadda bakinsa ba zai kai hannu ba. Wannan na ranar allura ne kawai, ba na ɗauri ba.

Karen da halinsa ya canza farat ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon itace ko duk abin da ya gani, ba na horo ba ne. Kada a taɓa shi, a nisantar da yara, a sanar da ma'aikacin kiwo. Haka saniyar da ke ta kuka tana zubar da miyau kamar abu ya maƙale mata: kada a sa hannu cikin bakinta. Wanda aka ciza kuwa ya wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, ya tafi gidan likita a ranar, ko da cizon ƙarami ne.