Ƙwarin Dare da Idon Mai Sayen Atamfa

Macen da ta san zane ba ta sayen atamfa daga bakin rumfa. Ka tsaya gefe a Kasuwar Monday ta Kakuri da ke Kaduna ka gani: sai ta sa an sauko da turmin, ta warware shi, ta fito da shi haske, ta juya ciki da baya, ta dubi bakinsa. A nan take rabe mai aminci da wadda za ta zuba tun wankin farko. Daga nesa kuwa, duk atamfa atamfa ce.

Kallon nesa muke yi wa ƙwarin da ke zuwa gidajenmu da dare. Daga saukar ruwan farko har watan Oktoba, duk gidan da ke da ɗan lambu a Barnawa, Narayi, Sabon Tasha ko Unguwar Romi, da an kunna ƙwan lantarki sai su taru. Shinge kawai muka ware, saboda ana cinsa. Sauran kuwa sai tsintsiya ko maganin feshi, ba tare da mun dubi ko ɗaya ba.

Ɗaukar hotonsu shi ne warware turmin, kuma wayar hannu ta isa. A rataya farin ƙyalle a igiyar shanya, a ajiye fitila mai caji a gabansa, a ba shi kamar awa guda. Daren da babu farin wata kuma iska ta kwanta ya fi kawo baƙi. In ƙwaro ya sauka, kada a yi masa gaggawa, a bari ya natsu. A haska tocila daga gefe, don hasken wayar yana wanke launi. A jingina hannu da wani abu, a ajiye tsinken ashana kusa da shi don a san girmansa, a ɗauka ta sama, a sake ɗauka ta gefe. Wato dai ciki da baya.

Sai an buɗe hoton an faɗaɗa shi mamaki ke kama mutum. Abin da ake gani toka-toka a bango ashe yana da layuka da ɗige-ɗige a tsare, hagu da dama daidai wa daida. Mafi yawansu 'yan uwan malam-buɗe-littafi ne masu fitowa da dare. Na rana yakan haɗe fikafikansa sama in ya sauka, na dare kuwa yakan shimfiɗa su. Masana sun san irinsu kusan 160,000 a duniya, sun ninka na rana sau da yawa. Unguwannin da masaƙu suka raya, tun buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, bai kamata su rasa idon ganin zane ba. Ballantana zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi, tsutsar wani daga cikin waɗannan ƙwari ce ke saƙa shi.

Abin ya wuce sha'awa, don a cikinsu akwai mai amfani, akwai mai ɓarna. Akwai wani babba mai dogon baki da ke tsayawa a iska gaban furen gwanda da almuru yana zuƙar ruwansa. Shi ke kai garin fure daga namijin gwanda zuwa macen, don haka wanda ya fesa masa magani gwandarsa ya cuta. Akwai kuma ɗan mitsitsin da bai kai santimita ɗaya ba, Tuta absoluta, wanda manoma ke kira sharon. A 2016 ya cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. A wannan shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Afirka, baƙuwa daga nahiyar Amurka, kuma Nijeriya na cikin wuraren farko. Tana da ɗigo huɗu a murabba'i kusa da wutsiyarta, alamar da hoto mai kyau ke fitarwa sarai. Uwarta ma da dare take yawo.

Hoton da ya fito ras ana iya nuna wa malamin gona, ko a sa shi a manhajar iNaturalist, inda masana daga ƙasashe daban-daban ke taimakawa da suna. Hotunan da ke zuwa daga Arewacin Nijeriya kaɗan ne in aka kwatanta da na Ingila ko Amurka, saboda haka na bayan gidanka yana da daraja, musamman in ka rubuta rana da unguwa.

Mai karatu, daminar bana ka ɗauki hoto kafin ka ɗauki maganin feshi, ka kira yara su riƙe maka tocila. In kun gama, ku kashe fitilar ku kakkaɓe ƙyallen a hankali, don ƙwarin da suka kwana a jikinsa ƙadangaru da kaji ne ke cinye su da safe.