Tohon gora a damina: Abin da ya kamata a sani kafin ya shiga tukunya



Duk wanda ya zauna a kudancin ƙasar nan ya san gora, ko da bai taɓa shuka ta ba. Tana nan a bakin rafuka da gefen manyan hanyoyi, magina na tokare rufin kankare da ita, manoman doya na kafa ta domin yaɗo ya hau, 'yan kasuwa na yin rumfa da ita. A Arewa kuwa an fi saninta a hannun makiyayi, wato sandar gora. Yanzu ta fara shigowa cikin gidaje a Abuja da Legas da Ibadan da Fatakwal, wasu don inuwa, wasu don ta kare su daga idon maƙwabcin da ya ɗora bene, wasu don ado kawai. Ni ina cikin masu sonta. Sai dai gora ba ta zama lafiya da gida sai an san halinta, halin nata kuma a damina yake fitowa, lokacin da take fitar da sabon toho.

Duk tsayinta, gora ba itace ba ce. Ciyawa ce, dangin gero da dawa da masara da rake, shi ya sa take da gaɓa-gaɓa kamar kara. Akwai irinta sama da dubu ɗaya a duniya. Wadda ta fi yawa a kudu ita ce masana ke kira Bambusa vulgaris, mai kauri da rami a ciki, wata kore shar, wata ruwan ɗorawa mai ratsin kore. Ta dajin Arewa, Oxytenanthera abyssinica, ta fi siranta, ta fi jure fari, kuma raminta ƙanƙane ne, wani lokaci ma babu shi. Ainihin jikin gora yana ƙarƙashin ƙasa, wata saiwa ce mai kauri da ke kwance kamar ta citta. Duk tsawon rani tana tara abinci. Da zarar ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙu sosai, sai a wayi gari a ga wasu abubuwa masu tsini kamar ƙaho sun huda ƙasa a gindinta. Wannan shi ne tohon.

Abin mamaki game da shi, da kaurin da ya fito da shi zai mutu. Itace yana ƙara kauri kowace shekara, gora ba ta yi. Tohon zai miƙe ya kai iyakar tsayinsa cikin watanni kaɗan na damina ɗaya, sannan ya fitar da rassa da ganye, ya ɗauki shekara 3 zuwa 4 yana ƙara tauri. Kundin bajinta na Guinness ya rubuta cewa akwai irin gorar da ke ƙara santimita 91 a rana guda. Tamu ba ta kai haka ba, amma idan aka kafa sanda kusa da sabon toho aka sa yara su riƙa yin alama kowace safiya, za su ga bambanci da idonsu. Darasin kimiyya ne da ba a biyan kuɗin makaranta a kansa.

To, wannan toho mai laushi shi ne mutanen Sin da Japan da Tailan da arewa maso gabashin Indiya suke ci tun kaka da kakanni. Yanzu da bidiyon girke-girke ya cika wayoyinmu, uwargida na iya ganin an yanka shi an soya da nama, ta leƙa bayan ɗaki ta ga ga shi nan kyauta. Ana cin sa, ba ƙarya ba ne. Yana da harza mai taimaka wa hanji, yana da sinadarin fotasiyom, kuma ba ya sa ƙiba, domin giram 100 bai wuce kalori 27 ba. Abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nunawa shi ne aikin da aka yi masa kafin ya shiga kasko.

Ɗanyen tohon gora yana da guba, kuma irin gubar da muka sani ce a rogo mai ɗaci. A cikinsa akwai wani sinadari mai suna taksifilin, ɗan'uwan linamarin na rogo. Muddin tohon na tsaye ba a taɓa shi ba, sinadarin a kulle yake. Da an yanka, ko an tauna, sai ya haɗu da wani sinadarin da ke cikin tsiron ya rikiɗe ya saki sayanayid. Kariya ce da Allah Ya yi wa tsiron domin kada dabbobi su cinye shi tun yana jariri, shi ya sa gubar ta fi taruwa a can tsinin, wurin da ya fi laushi. Yawanta ya danganta da irin gorar da kuma girman tohon, amma a wasu yakan kai miligiram 1,000 a kilo ɗaya. Domin a gane girman wannan adadi, ƙa'idar abinci ta duniya ba ta yarda garin rogo na tuwo ya wuce miligiram 10 a kilo ba.

Yadda sayanayid ke aiki a jiki shi ne abin tsoron. Ba ya hana mutum shaƙar iska. Huhu na aiki, jini na ɗauke da iskar, amma ƙwayoyin jiki sun kasa amfani da ita, kamar mai ƙishirwa ne a tsakiyar kogi an ɗaure masa baki. Ƙwaƙwalwa da zuciya su ne suka fi buƙatar iskar, don haka su ne ke fara nunawa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya da amai, numfashi sama-sama, bugun zuciya, ruɗewa. Idan abin ya yi yawa sai jijjiga da suma. Alamomin kan zo da wuri, daga 'yan mintuna zuwa 'yan sa'o'i bayan an ci. Kuma da nauyin jiki ake auna guba: abin da zai sa maigida jiri kawai yana iya kwantar da yaro ɗan shekara 4. Yara kuwa su ne masu wasan 'yar girki a gindin shuka, su ne masu ɓallo abu su kai baki.

Idan hakan ta faru, ina roƙon iyaye da babbar murya: kada a ɗura wa yaro manja, kada a ba shi madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Manja ba ya karya wannan guba, kuma yaron da hankalinsa ya fara gushewa zai iya shaƙe man ya wuce huhu, a ƙara wata cutar a kan wata. Kantin magani na unguwa ma ba wurin zuwa ba ne, na faɗa duk da cewa sana'ata ce. A ɗauki yaron a nufi babban asibiti mafi kusa, a tafi da ragowar abin da ya ci, a gaya wa likita ƙarara cewa ɗanyen tohon gora ne. Akwai makarin wannan guba, allurai ne da ake yi ta jijiya, ɗaya daga cikinsu wani nau'in bitamin B12 ne da ke kama gubar ya fitar da ita ta fitsari. Ana haɗawa da iskar oksijin. Duk wannan aikin asibiti ne.

Sauƙin abin shi ne gubar gora ta fi ta rogo saurin mutuwa a wuta. Rogo sai an jiƙa, an matse, an bar shi kwanaki, an soya. Tohon gora tafasa yake so. A zaɓi wanda bai daɗe da fitowa ba, wanda bai wuce tsawon kamu ɗaya ko biyu ba. A sa safar hannu wajen ɓare shi, domin ɓawon na da wasu ƙananan gashi baƙaƙe masu ƙaiƙayi kamar na gero. A yanka fararen cikin siri-siri, a zuba ruwa mai yawa da ɗan gishiri, a tafasa minti 20 zuwa 30, a zubar da ruwan, a sake sabo a kuma tafasawa. A bar tukunyar a buɗe, taga ma a buɗe. Dalili shi ne sayanayid na zama tururi tun a zafin digiri 26, wato ko zafin ɗakinmu ya ishe shi tashi, don haka rufe tukunya mayar da shi cikin abinci ne. Bayan an gama a ɗanɗana ɗan ƙanƙane a bakin harshe. In da sauran ɗaci, da sauran aiki. Ruwan tafasar kuma ba romo ba ne, kada a yi miya da shi, kada a ba dabba. Na gwangwani da ake samu a manyan kantuna an riga an dafa shi, ɗauraya kawai yake so.

Ko an dafa shi da kyau, ban ga dalilin mayar da shi abincin kullum ga mai maƙoƙo ba. Jiki na sarrafa ɗan ragowar gubar zuwa wani sinadari da ke gogayya da aidin a maƙogwaro. Mai ciwon ƙoda da aka hana shi abinci mai fotasiyom shi ma ya tambayi likitansa tukuna. Sai batun ganye: akwai masu dafa ganyen gora su sha don zazzaɓi. Zazzaɓi gwaji yake so kafin magani. Mai juna biyu kuwa ta nisance shi gaba ɗaya, domin wani bincike da aka yi a Jami'ar Ilorin aka wallafa a 2009 ya nuna ruwan ganyen Bambusa vulgaris ya zubar da cikin zomaye. Zomo ba mutum ba ne, amma ciki ba abin gwaji ba ne.

Matsala ta biyu ba ta da alaƙa da ci, kuma ita ta fi shafar gidaje da yawa, domin ba kowa ne zai dafa toho ba amma kowa zai sare gora. Idan aka sare ta a tsakiyar gaɓa, kututturen da ya rage ya zama kofi. Ruwan sama ya cika shi, ganye ya faɗa ciki, inuwa ta rufe. Babu wurin da sauron Aedes yake so kamar wannan. Shi ne baƙin sauro mai fararen ɗigo a ƙafa, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. Wani nau'insa ɗan asalin Asiya, wanda can ma a kututturen gora da kogon itace yake hayayyafa, an fara ganinsa a Najeriya a Jihar Delta a 1991. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne kawai, kuma da rana yake cizo, musamman da safe da yamma, lokacin da gidan sauro ke naɗe yara na tsakar gida. Shawara ta sake ɓulla a ƙasar nan tun watan Satumba na 2017, lokacin da aka tabbatar da ita a Jihar Kwara, daga nan aka yi ta samun ta a jihohi daban-daban.

Maganin wannan bai kai a kira shi aiki ba. A sare gora daf da saman gaɓa, inda take a toshe, yadda ruwa ba zai sami wurin zama ba. Tsofaffin kututture a cika su da yashi ko a tsaga su da adda. Gorar da aka yi shinge ko rumfa da ita, a duba bakin da ke kallon sama. A kuma duba katin rigakafin yara: allurar shawara a wata 9 ake yin ta, kyauta ce a asibitocin gwamnati, guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Idan wani a gida ya kamu da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da ciwo a bayan ido, gwajin maleriya kuma ya nuna babu, a tsaya a kan farasitamol har a ga likita. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak na iya jawo zubar jini ga mai dengi.

Af, wannan ɗan tsiron da ake sawa a kwalbar ruwa a falo, wanda masu sayar da furanni ke kira gorar sa'a, ba gora ba ne ko kaɗan, kama ce kawai. Amma ruwan kwalbarsa gidan sauro ne shi ma, a riƙa sauya shi kowane mako ana wanke kwalbar.

Ga mai niyyar shukawa, farkon damina ne lokacinsa. Ba a neman iri, domin gorar kudu da wuya ta yi 'ya'ya. Ana yanko guntun kara mai gaɓa 2 ko 3 a binne a kwance, ko a ɓallo wani sashe na saiwar a dasa. A tambayi mai sayarwa ko mai zama dunƙule ce ko mai yaɗo. Mai yaɗon, wadda aka fi shigowa da ita daga ƙasashe masu sanyi, saiwarta na bin ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo a gidan maƙwabci, kuma a gari irin Legas wannan rigima ce da za ta kai gaban mai gidan haya. Ko mai dunƙulen, faɗinta na ƙaruwa kowace damina, kuma Bambusa vulgaris na wuce mita 10 a tsayi. A ba ta tazarar mita 3 ko fiye daga katanga da sokawe da bututun ruwa, kada kuma a sa ta ƙarƙashin wayar lantarki. Mai ƙaramin fili ya nemi gajeren iri ya sa a babbar tukunyar siminti.

Shekara 2 na farko a bar mata duk tohon da ta fitar, da shi take gina saiwa. Bayan nan a riƙa rage wanda ya fito a inda ba a so tun yana ƙarami, ƙafa ma na karya shi, amma a kwashe a jefar inda yara da awaki ba za su kai ba. Sara na katako kuwa sai rani, kuma tsofaffin da suka shekara 3 zuwa 4 ake cirewa, domin a lokacin zaƙin da ke jikinsu ya ragu, ƙwaro ba ya saurin cin su. Ganyen da ke zuba a gindi taki ne mai kyau idan bai yi tudu ba. In ya taru da yawa ɓera zai shiga, maciji ya biyo shi, da hunturu kuma tartsatsi ɗaya daga murhu ko janareta ya ishe shi kamawa.