Gahawar Asuba a Kan Dutsen Chappal Waddi

Mai niyyar hawan Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya da ke Gandun Dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, sai ya yi lissafin nauyin duk abin da zai goya. Na'urar gahawar ofis ba ta da gurbi a jakarsa. Ƙaramar tukunya, rishon gas da garin gahawa a ɗaure cikin leda sun wadatar.

Ruwa ne ke rikita baƙo. A tsayin mita 2,419 yakan tafasa a wajen digiri 92 maimakon 100, saboda nauyin iska ya ragu. Hakan ya yi wa gahawa daidai, domin ba a jiran ruwan ya ɗan huce kamar a Abuja. Sai dai ruwan rafi na ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma gudawa a nesa da asibiti ba abin wasa ba ce. Don haka akan bar shi yana tafasa minti 3 cur.

Daga nan sai a sauke, a zuba cokali 2 na gari ga kowane kofi, a rufe minti 4. Ɗan ruwan sanyi ke kwantar da tsakin, amma shi ma lallai ya zama tafasasshe.