Yoyon Ruwa a But ɗin Mota: Gano Shi da Gyara Shi a Bakin Makanikai Hausawa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gano yoyon ruwa a but ɗin mota da yadda ake gyara shi, tare da nazarin kalmomin da makanikai Hausawa ke amfani da su wajen aikin. Matsalar tsohuwa ce a Nijeriya, tun daga motocin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, har zuwa tsofaffin motocin da ake kira 'yan Kwatano. Zafi da hunturun Arewa kan busar da roba ta tsattsage, amma lahanin ba ya fitowa sosai sai mota ta shiga gari irin Fatakwal ko Kalaba, inda ruwan sama kan wuce milimita 2,000 a shekara. Abin da za a nuna shi ne, sunayen sassan mota na aro ne, amma kalmomin da ke siffanta tafiyar ruwa Hausa ce ta asali, kuma su ne jagoran mai gyara.

2.0 Kalmomin Aiki

Yawancin sunayen daga Ingilishi aka aro su, aka daidaita su da tsarin gaɓar Hausa: but, bodi, bamba, gilashi, kafet, safaya. Wasunsu ma'anarsu ta sauya. Alal misali, danja asalinta kalma ce mai nufin haɗari, amma Bahaushe ya mai da ita sunan jar fitilar baya.

Kalmomin ruwa kuwa tun daga ɗakin soro aka san su. Yoyo shi ne babban suna, a ƙarƙashinsa akwai waɗannan:

(a) ɗiga: faɗowar ruwa ɗaiɗai daga sama;
(b) tsiyaya: gangarowarsa a jikin ƙarfe kamar zare;
(c) tsattsafowa: fitowarsa kaɗan-kaɗan ta wata 'yar kafa;
(d) naso: damshin da ke bayyana a jikin kafet, ya bar shaida;
(e) gumi: danshin iska da ke kwanciya a kan ƙarfe mai sanyi, ba tare da wata kafa ba.

Wannan bambanci yana da amfani. Mai motar da ya ce ruwa na ɗiga ya nuna murfi ke nan. Wanda ya ce yana tsiyaya ta gefe ya nuna danja ko gilashin baya. Wanda kuwa gumi kawai ya gani, wataƙila jiƙaƙƙen kaya ya bari a ciki.

3.0 Hanyoyin Shigar Ruwa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Kafofin da aka fi samu su ne: robar bakin murfi idan ta bushe ko ta kwanta, sosan da ke tsakanin danja da bodi, robar gilashin baya, da mahaɗar ƙarfe, musamman a motar da aka taɓa buga wa baya aka yi mata walda. Har ila yau, a bayan bamba akwai ƙananan tagogi masu marfin roba da ke fitar da iska idan an rufe ƙofa, su ma kan shigo da ruwa idan sun lalace. Sannan akwai kwararon da ya kewaye bakin but, wanda aikinsa daidai yake da na indararo: in ganye da ƙura suka toshe shi, ruwa sai ya tumbatsa ya haye roba.

Abin lura a nan shi ne, inda ruwa ya kwanta ba nan ya shigo ba. Kullum yakan gangara ramin safaya, domin nan ne ya fi zurfi.

4.0 Yadda Ake Bincike

Da farko a fitar da kaya da kafet da safaya, a tsane but ɗin ya bushe ƙarau. Sai a barbaɗa hoda ko garin alli a jikin ƙarfen, domin ruwa ya bar sawu. Daga nan mutum ɗaya ya kwantar da kujerar baya, idan mai kwantuwa ce, ya haska da tocila daga cikin mota. Ba a rufe mutum a cikin but, balle yaron gareji. Ɗayan kuma ya riƙa zuba ruwa da tiyo a hankali, ya fara daga ƙasa: bamba, danja, bakin murfi, sa'an nan gilashi, yana dakatawa 'yan mintoci a kowane wuri. Hikimar farawa daga ƙasa ita ce, in aka fara daga sama ruwa zai jiƙa ko'ina, a kasa sanin kafar da ya bi.

Ana kuma gwada robar murfi da tsinken takarda. A rufe murfi a kanta a ja. Inda ta zare salin-alin, to roba ba ta kama ba.

5.0 Gyara

Kowace kafa da maganinta. Kwararo a yashe shi. Robar da ta ɓalle a wanke a mai da ita da gam, wadda ta mutu kuwa a sake ta. Danja a kwance a sa mata sabon soso, kada a matse noti fiye da kima don kada ta tsage. Mahaɗar ƙarfe a kankare tsohon liƙinta, a goge tsatsa har farin ƙarfe ya fito, a shafa fentin hana tsatsa, sa'an nan a liƙe da gam ɗin bodi. Silikon mai warin tsami bai dace ba, domin yana jawo tsatsa, fenti kuma ba ya kama shi. Huda ramin safaya da ƙusa, kamar yadda wasu ke yi, fitar da ruwa kawai yake, kafar tana nan, an kuma buɗe wa tsatsa sabuwar ƙofa. Bayan gyara a maimaita gwajin tiyo kafin a mai da kafet.

6.0 Kammalawa

Sakaci da yoyo yakan jawo tsatsa da fumfuna da lalacewar wayoyin wuta, musamman a motocin da batirinsu ke cikin but, kamar wasu samfuran Mercedes da BMW. Mafi muni, kafar da ta shigo da ruwa tana iya shigo da hayaƙin salansa, wanda gubarsa ba ta da wari, kuma tana kisa. Ta fuskar harshe kuwa, an ga cewa Hausa ta aro sunan abu amma ta riƙe hanyarta ta bayyana halinsa. Don haka ya kamata masu tsara kalmomin fannu su fara tattara abin da ke bakin makanikai a gareji kafin su ƙirƙiro sababbi.